Me ya sa ɗan kasuwar Tasawa da Mayahi ke ƙin karɓar katin banki?

Duk wanda ya dawo gida hutu daga Yamai, Legas, Aljeriya ko Turai ya san wannan yanayi. Ka shiga kanti a Tasawa ko Mayahi, ka zaɓi kaya, ka zaro kati daga aljihu, sai mai kanti ya girgiza kai ya ce a ba shi tsabar kuɗi. Ko a Maraɗi, inda wasu otal-otal da manyan kantuna ke da na'urar karɓar kati, yakan faru a karɓi wani katin a ƙi wani.

Matasa da yawa na ɗaukar wannan a matsayin ƙauyanci ko tsoron zamani. Amma idan aka duba yadda kuɗi ke tafiya daga katin mai saye zuwa aljihun mai sayarwa, za a ga cewa ɗan kasuwa lissafi yake yi, kuma irin lissafin da manyan kamfanonin duniya ke yi ne.

Wa ke biyan kuɗin katin?

Mai kati yana ganin kamar kyauta yake biya, tunda abin da aka rubuta a jikin kaya shi ake cire masa. Amma kowane ciniki yana bi ta hannu uku kafin ya isa ga mai kanti: bankin da ya ba da katin, bankin da ya ba da na'urar, da kamfanin da ke haɗa su, kamar Visa ko Mastercard. Kowanne yana da kasonsa, kuma daga kuɗin mai sayarwa ake yanka.

Mu ɗauki misali. A ce mai kanti ya sayar da buhun shinkafa jika 15, ribarsa a ciki sefa 500. Idan aka cire masa kashi 2 cikin 100, sefa 300 sun tafi, wato fiye da rabin ribar. Mai otal ko mai sayar da kayan ƙawa zai iya jure wannan domin ribarsa na da faɗi. Mai sayar da gero, wake, suga ko man girki, wanda ke rayuwa da yawan juya jari, ba zai iya ba.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake bambanta kati da kati. Kason da ake cirewa ba ɗaya ba ne. Katin bashi ya fi katin cire kuɗi tsada ga mai kanti, katin ƙasar waje ya fi na gida, kuma American Express ya daɗe da yin suna wajen cajin da ya fi na sauran.

Ko a ƙasashen masu arziki ana wannan rigima. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu zuwa kashi 0.2 cikin 100 a katin cire kuɗi da 0.3 a katin bashi. A 2016 kantunan Costco na Amurka suka rabu da American Express suka koma Visa. A ƙarshen 2021 Amazon ya yi barazanar daina karɓar katin bashi na Visa a Birtaniya saboda tsada, sai da aka sasanta a farkon 2022. A 2024 kuma eBay ya daina karɓar American Express. Idan waɗannan na ƙorafi, ina ga mai kanti a bakin tashar Mayahi?

Ba kowane kati ke tsallaka iyaka ba

Dalili na biyu ba ya hannun ɗan kasuwa ko kaɗan. Kowane kati yana da hanyar da yake bi, kuma na'ura ba ta karanta katin da ba a haɗa ta da hanyarsa ba.

Nijar na cikin ƙasashe takwas na UEMOA masu amfani da kuɗin sefa a ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Tun 2003 aka kafa GIM-UEMOA domin katunan bankunan yankin su yi aiki da juna. Katin da aka karɓa a SONIBANK, BIA, BOA ko Ecobank mai ɗauke da wannan tambari yana da hanyarsa a cikin yankin.

Matsalar ita ce, yawancin 'yan cin-ranin jihar Maraɗi ba cikin UEMOA suke zuwa ba. Wanda ya dawo daga Kano ko Legas yakan zo da Verve, wanda ƙarfinsa a Najeriya yake, ko AfriGo da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Janairun 2023 domin hada-hadar cikin gida. Wanda ya dawo daga Aljeriya mai yiwuwa Edahabia na gidan waya ne a hannunsa, shi ma na cikin gida ne. Hatta katin naira mai tambarin Visa ko Mastercard ya daɗe ba ya aiki a waje, domin bankunan Najeriya da dama sun dakatar da hakan daga 2022 saboda ƙarancin dala, sai a 2025 wasu suka dawo da shi tare da iyaka. A irin wannan hali, mai kanti bai ƙi katin ba. Katin ne bai san hanyar zuwa ba.

Wuta, sabis da jiran kuɗi

Na'urar kati na buƙatar caji da layin sadarwa mai ƙarfi. Kusan kashi 20 cikin 100 ne kacal na al'ummar Nijar ke samun wutar lantarki, kuma yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar ciniki, sai a cire wa mai saye kuɗi ba su shiga wa mai kanti ba. Daga nan sai gardama, kuma a garin da kowa ya san kowa, gardamar kuɗi takan ci zumunci.

Ko cinikin ya yi nasara, kuɗin ba ya shiga hannu nan take. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin ya sauka a asusu, sannan a je banki a ciro. Ɗan kasuwar da zai je sarin kaya gobe da asuba a Maraɗi ko Jibiya, ko zai sayi amfanin gona a kasuwar ƙauye, tsaba ake nema daga gare shi. Manomin da ya kawo wake a amalanke ba shi da asusu. Alƙaluman Global Findex na Bankin Duniya sun nuna cewa manyan da ke da asusu a Nijar ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya.

Akwai kuma haɗarin mayar da kuɗi. A tsarin katunan duniya, mai kati na iya musanta ciniki watanni bayan an yi shi. Idan katin na sata ne ko mai kanti ya kasa kawo hujja, ana iya zare kuɗin daga asusunsa, kaya kuwa sun tafi.

Darasin 2023

Abin da ya ƙara tsorata 'yan kasuwa shi ne abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Takunkumin ECOWAS da UEMOA ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, bankuna suka shiga ƙarancin tsabar kuɗi har aka riƙa ƙayyade abin da mutum zai ciro daga asusunsa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma wanda ya yi layi a ƙofar banki yana neman kuɗinsa bai manta ba.

A wancan gefen iyaka kuma, sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin tsaba a farkon 2023, abin da ya tura 'yan kasuwar Kano da Katsina ga na'urorin POS da tura kuɗi ta waya, irin su OPay da Moniepoint. Abin lura shi ne, sun rungumi tsarin ne domin kuɗi na shiga cikin daƙiƙoƙi, kuma na'urar ba ta da wuyar samu. Hausawa ne a nan da can. Abin da ya bambanta su shi ne sharuɗɗan da aka gabatar musu.

Ba ƙin zamani ba ne

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce yadda kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza suka bazu har ƙananan garuruwa, ga kuma Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Ɗan kasuwar da ya ƙi katinka zai iya ba ka lambar da za ka tura masa, domin ya san nawa za a cire, kuma ya san zai karɓi kuɗinsa yau.

Shi kansa bashin da katin ke taƙama da shi, kasuwa ta riga shi. Littafin bashin mai kanti, inda ake rubuta wa ma'aikaci zuwa ƙarshen wata, manomi kuma zuwa kaka, katin bashi ne da aka gina kan sanayya. Ga wasu kuma akwai damuwar riba, tunda katin bashi na gargajiya yana ɗora ruwa kan wanda ya jinkirta biya. Wasu na gudun barin sawun da jami'an haraji za su bi, kuma wannan ɓangare ne da bai kamata a yaba ba.

Sai dai dogaro da tsaba shi ma yana da farashi. Ɗaukar miliyoyi a mota a hanyoyin kudancin Maraɗi, inda 'yan bindiga ke addabar yankunan kan iyaka, kasada ce ta rai. Haka kuma wanda ba shi da tarihin ciniki a rubuce zai sha wuya kafin banki ya ba shi rancen faɗaɗa kasuwa.

Mafita tana hannun bankuna da hukumomi: a rage kason da ake cirewa a ƙananan ciniki, a sa kuɗi su shiga nan take, a kuma samar da wurin kai ƙara kusa da ɗan kasuwa. Tsarin biyan kuɗi na nan take da BCEAO ta ƙaddamar a ƙarshen Satumban 2025, wanda ke haɗa asusun banki da na waya, mataki ne a wannan hanya, idan har ya sauka daga Yamai zuwa garuruwa irin Tasawa da Mayahi.

Kafin nan, mai shirin dawowa gida ya duba tambarin da ke jikin katinsa, ya tambayi bankinsa ko yana aiki a Nijar da nawa ake cirewa wajen canji, ya kuma tura wani kaso ta kamfanin aika kuɗi kafin ya taso. Idan mai kanti ya ce a ba shi tsaba, a tuna cewa da jarinsa yake lissafi, kuma gobe da safe shi ma tsaba za a nema a hannunsa.