Jaka Biyar a Illela: Darasi ga Masu Tsara Harshen Shafin Intanet

A kasuwar Illela, kan iyakar Sakkwato da Birnin Konni, wanda ya ce "jaka biyar" bai gama magana ba. A tsohon lissafin ɗan Nijeriya jaka naira 200 ce. A bakin ɗan Nijar kuwa sefa 1,000 ce, wato dala 200, tunda can dala ɗaya sefa 5 ce. Taƙaita magana na sauƙaƙa ciniki muddin mai saye da mai sayarwa sun cike giɓin da abu ɗaya.

Wannan matsala ce ke gaban masu ƙirƙirar harsunan tsara shafi. Rubuta HTML da hannu akwai gajiya, domin yawancin alamominsa sai an buɗe an kuma rufe. Shi ya sa Hampton Catlin ya fito da Haml a 2006: ka rubuta ɗigo da sunan aji kawai, harshen ya ɗauka div kake nufi. Pug ma haka yake yi. Emmet, na Sergey Chikuyonok, ya ƙara gaba, yana duban uwar alamar kafin ya yanke hukunci. A cikin ul sai ya sa li, a cikin table ya sa tr, a cikin select ya sa option.

Ra'ayina shi ne hasashen Emmet ya halatta ne saboda dalili guda: nan take yake warware taƙaicen a gaban idonka, kamar dillalin da ya ƙirga maka kuɗin a tafin hannu. In ya yi kuskure ka gani, ka gyara. Amma a harshen da taƙaicen ke zama cikin fayil shekara da shekaru, ƙa'ida ɗaya irin ta Haml ta fi aminci. Da zarar ma'anar layi ta dogara da inda yake zaune, wanda ya ɗauke shi zuwa wani wuri ya canza shafin bai sani ba, kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo shi zai fara jin jeri ya watse.

Masu son hasashe za su ce yana rage bugun madannai. Gaskiya ne, sai dai sau ɗaya ake rubuta layi, karanta shi kuwa ba iyaka. Mai tsara harshe ya riƙa tuna baƙon da zai gaji aikin, wanda ba shi da damar tambaya, "Naira ko sefa?"