Dattijo Mai Karkarwa Da Ƙwayar Da Ba Ta Canzawa



A yawancin littattafan da muke karantawa, dattijon da hannunsa ke karkarwa ƙaddara biyu ake ba shi. Ko a ce jifa aka yi masa, a je a karya asirin, ko likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya, babi na gaba ya miƙe garau. Duka biyun ƙarya ce, kuma mai karatu da ita yake komawa wajen mahaifinsa.

Cutar da likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817 tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa a hankali. Babban maganinta levodopa ne, wanda ake haɗawa da carbidopa. Yana cike gurbin dofamin ɗin, amma ba ya tsayar da cutar. Shi ya sa awonsa ba ya zama wuri ɗaya.

A shekarun farko, sau uku a rana kan wadatar, har iyali su ɗauka an warke. Bayan wasu shekaru sai ƙarfin maganin ya riƙa ƙarewa kafin lokacin shan na gaba, jiki ya sandare, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. A nan likita kan rarraba awon zuwa duk bayan awa uku ko huɗu, ko ya ƙara wani magani. Idan kuma awon ya yi yawa, jiki kan riƙa murɗewa da motsin da mutum bai yi niyya ba, sai a rage. Har abinci yana da hannu: nama, ƙwai da wake suna iya rage shigar maganin, don haka ake shawartar wasu su sha shi minti 30 kafin cin abinci.

To, ku dubi gidan da bai san wannan ba. Sun ga an mayar da Baba daga sau uku zuwa sau biyar, sai su ce likita ya gaza, ko Baba ya zama ɗan ƙwaya, su ɓoye maganin. Tsayar da levodopa farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki da ke kai wa ga rasa rai. Haka nan azumi, sai an zauna da likita an tsara lokutan sha tun kafin watan ya kama.

Wani zai ce ai labari ne, ba darasin asibiti ba. Mu kuwa muna cewa wanda ya ɗauki alƙalami ya ɗauki amana. Kuma gaskiyar ta fi ƙaryar daɗin labari. Yarinyar da ke saita ƙararrawar waya saboda maganin ƙarfe biyu na kakanta, da ɗan da ke lissafin kuɗin kati biyar maimakon uku, sun fi boka ɗaukar hankali. Muhammad Ali ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996 hannunsa na rawa, shekara 12 bayan an gano masa cutar.

Duk wanda zai saka mai wannan lalura a labarinsa, ya tambayi likita ko mai jinya tukuna, ya bar awon maganin ya canza yadda shekarun labarin ke canzawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.