Tankin Fijon Gado: A Shafe Cikinsa Ko A Ƙyale Shi?

A zangunanmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, da wuya ka zaga unguwa ba ka tarar da wata tsohuwar mota a fake gindin mangwaro ba, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wadda iyayenmu ke kira Fijo, ko kuwa Marsandi irin ta shekarun 1976 zuwa 1986. Mai ita ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun ji nauyin sayarwa, sun kuma kasa hawa. Ran da ɗayansu ya yi zuciya ya ce zai tashe ta, tanki ne zai fara tare masa hanya. Zai leƙa da tocila ya ga ja-ja-ja, sai wani mai kallon bidiyon kanikawan Amurka a waya ya ce masa ai akwai ruwan danƙo na gwangwani, irin su POR-15 da Kreem, da ake zubawa a juya tanki har ya shafe cikinsa, shi ke nan an rabu da tsatsa.

Ra'ayina shi ne kada a shafe, sai fa in hanya ta ƙure. Ban faɗi haka don ƙin sabon abu ba. Na gwada, kuma na ji a jikina.

Bari mu fara da inda tsatsar take fitowa. Tankin da ya kwana rabi a cike, rabinsa na sama iska ce, iskar Kumasi kuwa kowa ya san laimarta, ƙasar da damina ke zuwa sau biyu a shekara. Da rana ƙarfe ya ɗauki zafi, da dare ya huce, sai raɓa ta tsatsafo a bangon ciki kamar yadda take yi a murfin tukunya. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan gangara ya kwanta a gindi. Yawancin tankunan wancan zamani an yi musu wankan darma da kuza tun daga masana'anta domin su jure, amma shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Ruwan da ya kwanta shekara biyar a wuri ɗaya sai ya ci wannan rigar ya isa ga ƙarfe. Fetur ɗin da aka bari kuma ya tsufa ya zama wani danƙo mai ɗoyi ya manne a bango. Zaman banza ne ya kashe tankin, ba tafiya ba.

Motar kawuna ce ta koya mini sauran. Fijo ce doguwa, irin wadda a da take jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Na kai tankinta wurin wani yaro mai saurin hannu, ya ɗauraye shi da safe, ya shanya shi a rana, kafin la'asar ya zuba danƙon, kashegari ya ce in zo in ɗauka. Wata bakwai ina yabon kaina. Ran da muka ɗauki iyaye mata za mu ɗaurin aure Techiman, mun wuce Offinso kaɗan sai mota ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu. A huta minti goma ta tashi, a yi tafiya kaɗan ta sake mutuwa. Gwaggona dai ba ta ce komai ba, carbinta kawai take ja, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Da muka jawo ta zuwa Suame Magazine, wani dattijon bakanike ya zare tiyon mai, ya zaro wani abu kamar saɓar maciji ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, wa ya sa maka riga a kan ƙazanta?" Shafen ne ya ɓare, yana yawo cikin fetur, in famfo ya ja sai ya liƙe bakin bututu, in an kashe inji ya saki.

Laifin danƙon ne? Ba duka ba, kuma nan ne gaskiyar magana take. Masu yin sa sun rubuta sharuɗɗansu: a wanke maiƙo da tsohon fetur sarai, a ci tsatsa da asid, a ɗauraye, a busar har kada ɗigon laima ya rage, a zuba a juya ta ko'ina, a tsiyaye ragowar, a bar shi wajen kwana 4 kafin fetur ya taɓa shi. Wanda ya cika waɗannan duka yana iya samun shekaru. To, amma tankin mota ba kwano ba ne da za ka ga cikinsa. Da yawa suna da shingayen ƙarfe a ciki don hana mai tambal-tambal a kwana, ga haɗin gefe inda ruwa ke ɓuya, ga bututun shan mai da na shan iska waɗanda danƙon kan toshe in ba a hura su ba. Ta ƙaramar ƙofar ma'aunin mai kake leƙe, kana hukunci a kan lungun da idonka bai taɓa kai wa ba. Lungu ɗaya ya rage da tsatsa ko laima, daga nan ɓarewa za ta fara.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a komawa baya cikin sauƙi. Tanki mai tsatsa kawai, ana sauke shi a sake wankewa ko sau nawa. Tankin da shafe ya lalace a cikinsa, sai da magunguna masu ƙarfi ko a yanka shi a kankare, kuma mai walda zai yi ta tsaki domin danƙo na ƙonewa yana ɓata masa aiki. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ya kamata kuma mu lura da inda shawarar ta fito. A Amurka da Ingila ana kulle tsohuwar mota a gareji duk tsawon hunturu, fetur ɗinsu na yau da kullum kuma ana gauraya shi da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke jan laima. Wasu motocin nasu an daina yin kayansu tun tuni. Fijo 504 kuwa, da ta fito a Faransa a 1968, an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, kuma ta cika Afirka ta Yamma. Mai haƙurin zaga Magazine da aiken 'yan uwa masu zuwa Najeriya yana da kyakkyawan zaton samun tanki mai lafiya.

Inda na yarda da shafe ɗaya ne: mota ce da tankinta ba ya samuwa, ƙarfen yana da sauran ƙwari, sai dai ƙananan huji kamar na allura da ke sa shi gumi. Nan kam a shafe, a hannun wanda zai ba aikin mako guda. In hujin ya kai a zura tsinke, ko gindi ya yi laushi, danƙo ba ya zama ƙarfe, kuma ɗigon fetur kusa da salansa mai zafi ba abin wasa ba ne. Kada kuma kowa ya bari a kusanto da wutar walda ga tankin da ba a wanke tururinsa ba. Wanda babu mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa.

Tankin Fijon kawu na yanzu, na hannu ne. Mun zuba masa guntayen sarƙa da kananzir muka girgiza, muka bi da asid mai sauƙi, muka busar, muka cika shi da fetur a ranar don kada sabuwar tsatsa ta riga mu. Dattijon ya ƙara matatar mai ta roba mai nuna ciki kafin famfo, ya ce in riƙa dubawa. Na canza ta sau biyu a watannin farko, ta uku har yau fes take. Duk Juma'a ina fito da motar in kai tsofaffin gidanmu masallaci, kuma ba na bari allurar mai ta sauka ƙasa da rabi.