Fom ɗin Gwamnati Ma Matani Ne: Ina Masana Hausa?

A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. A Afrilun 2022 aka fara hana layukan da ba a haɗa ba buga waya. A tsakanin waɗannan lokuta biyu, cikin Satumban 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Mutumin Gwashi da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, da takwarorinsa na Anka da Gummi, sun wayi gari ana neman su kammala aikin da ya dogara da waya da tafiya cikin gari, alhali wayar ta ɗauke, hanyar kuma ba ta da tabbas.

Wannan ya isa ya nuna cewa wanda aka hango lokacin tsara aikin ba shi ne wanda zai yi amfani da shi ba. A Birtaniya, sashen da ya buɗe dandalin GOV.UK a 2012 ya ɗora aikinsa bisa ƙa'idar cewa buƙatar mai amfani ake fara dubawa kafin buƙatar ofis. Ra'ayina shi ne, a ƙasar Hausa wannan ƙa'ida ba za ta yi tasiri ba sai masana harshe da al'ada sun shiga aikin tun daga tushe.

A duba maganar suna. Fom yana neman sunan farko da na tsakiya da na iyali, bisa tsarin Turawa. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka da laƙabi, sannan ya jingina da sunan mahaifi ko na garinsu, kamar yadda aka san Shehu Shagari da Aminu Kano. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammadu a makaranta, Mamman a banki, Ɗanjuma a katin zaɓe. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, sai ta ce bayanai sun saɓa. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, su ma sukan ɓace a irin waɗannan fom-fom. Haka nan ranar haihuwa: dattijon da ke lissafin shekarunsa da damina ko da wani abin da ya faru, sai a yanka masa rana a shagon kwamfuta, gobe a yanka masa wata a banki. Gyaran kuskuren kuma kuɗi ne da tafiya, kuma a kansa suke faɗawa.

Sai kuma harshen kansa. Da yawa daga mutanen karkarar Zamfara sun fi sabawa da ajami fiye da boko, wasu kuma saƙon murya ne karatunsu. Hausarsu ta yamma ce, inda ake cewa "hwari" maimakon "fari". Manhajar da aka rubuta da Ingilishi, aka fassara a gurguje bayan an gama, ba za ta hana su miƙa sirrinsu ga mai shagon kwamfuta ba.

Za a ce tsaro da kuɗi ba za su bari a yi gwaji a Gwashi ba. Amma mutanen yankin suna zuwa Gummi da Anka da Gusau, ana iya zama da su a kalli inda suke tuntuɓe a fom. Tsarin da ya yi aiki a ƙaramar waya mai maɓalli, da rarraunar sadarwa, zai yi aiki a Abuja ba tare da wahala ba.

Sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna nazarin sunaye da karin harshe da ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. Lokaci ya yi da za a ɗauki fom da saƙon tes na hukuma a matsayin matanin nazari, a ba ɗalibai su yi bincike a kansu, a kuma kai sakamakon gaban NIMC da NITDA. In ba mu kai kanmu teburin tsarawa ba, za a ci gaba da kiran mu bayan an gama gini domin mu shafa fenti.