Mai safiyo ba alƙali ba ne

Aikin mai safiyo a ƙauye ba ya wuce awo. A nuna masa iyaka, ya auna, ya kafa turken siminti, ya zana taswira ya sa hatiminsa. Amma mutanenmu kan ɗauke shi tamkar alƙali. Mai gona zai nuna kuka ya ce daga nan har bakin rafi nasa ne tun kaka da kakanni. Maƙwabci ya taso da hauya a kafaɗa ya ce sam, gambar da ta raba su aka tuge. Sai duk su zuba wa mai awo ido, a zatonsu na'urarsa ta san wanda kakansa ya fara saran dajin.

Wanda ya fi ba shi ciwon kai ma shi ne mai kuɗin da ya biya shi. "Malam, ɗan matsa da turken gaba kaɗan, ai ba wanda zai lura." In ya ƙi, a ce ya ci kuɗi bai yi aiki ba. In ya yarda, ya sayar da lasisin da hukumar SURCON ta ba shi, ya kuma haɗa gaba tsakanin gida biyu har jikoki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne halin da gabashin Sakkwato ke ciki. Tun bayan harin 'yan bindiga na watan Mayun 2020 da ya ci rayuka fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, mutane ke ta barin gidajensu, wasu zuwa Isa da Sakkwato, wasu su tsallaka jihar Maraɗi. Gonar da aka yi shekaru ba a noma ba, gambarta ta mutu ko wuta ta cinye ta, itatuwan iyaka an sare. Dattawan da ke riƙe da tarihin wa ya ba wa aro, wa ya jinginar, wa ya gada, da yawa sun rasu a gudun hijira. Shi kansa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga ya rasu a watan Agustan 2024. Allah ya jiƙansa. Idan uban ƙasa bai tsira ba, ina mai unguwar da zai tsaya ya ce nan ce iyaka?

Ranar da zaman lafiya ya dawo, kuma zai dawo da yardar Allah, rigimar gona ce za ta tarbi masu komawa. Marayu da zawarawa ne za su fara asara, domin ba su da bakin gardama. Burtalin da aka cinye da noma kuwa, ai kowa ya san da shi aka soma wannan masifa a wurare da dama.

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallakar gona a karkara. Ikon yana nan a takarda, amma manomi nawa ne a Isa ya taɓa riƙe irin wannan shaida? Maƙwabtanmu na Nijar, tun 1993 suka kafa tsarin da ke da kwamitin filaye har a matakin ƙauye, inda ake rubuta saye da aro da jingina a gaban shaidu. Ba na cewa sun rabu da rigima, amma alƙalinsu yana da abin dubawa. Gobirawan Tibiri ta Nijar da na Sabon Birni dangin juna ne, ba abin kunya ba ne mu koya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su tara masu unguwanni da dattawan da suka rage, ko da a inda suke gudun hijira ne, a rubuta gonar kowa da sunayen maƙwabtansa huɗu, da burtali da mashaya. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin masu safiyo, don kada awo ya zama na mai iya biya kaɗai. Kuma duk cinikin gonar da aka yi mai ita ba ya nan, a dakatar da shi sai ya dawo.