Ƙafafun Mota Na Musamman Daga Kamfani: Riba Ce Ga Ɗan Kasuwa Ko Ado?

Jama'a, duk wanda ya saba zama a tashar Madawa ko ta Buza ranar kasuwa ya san cewa hirar direbobi da masu motoci ba ta wuce ta ƙafar mota, wato sifirin da shokozoba, waɗanda bakanikenmu na nan Nijar suka fi kira lam da amortisa. A 'yan shekarun nan kuma wata sabuwar magana ta shigo cikin hirar, domin masu sayar da motoci sun fara nuna wa 'yan kasuwarmu akori-kura iri biyu masu suna ɗaya, su ce wannan ta yau da kullum ce, waccan kuwa kamfani ya yi mata ƙafafu na musamman tun daga masana'anta, don haka sai an ƙara kuɗi mai kauri kafin a karɓi makullinta. Tambayar da muke son mu duba a yau ita ce, shin wannan ƙarin kuɗi yana dawowa aljihun mai mota, ko kuwa ado ne kawai?

Maganar ba ta masu motoci ba ce su kaɗai. Mace mai tumatir da ta hau mota daga Sabon Gida, da mai ƙwan zabi daga ƙauyukan Karofan, da mai tabarmi da ke nufin kasuwar Tunfafi, duk ƙafar motar nan ce ke yanke hukunci a kan ko kayansu za su isa lafiya ko za su isa a dagargaje. Kuma idan mai mota ya yi asara a gareji, ba a ko'ina yake fanshewa ba sai a kuɗin mota da na lodi da muke biya.

Da farko ya kamata mu bambanta aikin ƙarafan nan biyu, domin a nan ne ake ruɗar mutane. Sifirin shi ne ke ɗaukar nauyi. Shokozoba kuwa ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya, aikinsa shi ne ya kwantar da motar bayan ta faɗa rami, kada ta yi ta tsalle kamar akuya, tayoyi kuma su zauna daram a ƙasa don burki ya kama. A cikinsa akwai mai, kuma idan mota ta daɗe tana bin hanya mai gargada, man nan yakan yi zafi ya yi kumfa, sai ƙarfinsa ya ragu. Shokozoba na musamman, mai faɗin ciki da iskar gas a matse, ya fi jure wannan zafi. Wannan gaskiya ne, ba yaudarar dillali ba ce, kuma duk wanda ya san duwatsun Adar da ƙoramun da ke yanke hanya da damina tsakanin Buza da Keita da Tamaske ya san ba ƙaramin amfani ke gare shi ba.

To amma a nan gizo ke saƙar. Yawancin abin da kamfanoni ke kira ƙafafu na musamman an ƙera su ne don gudu a kan mummunar hanya, ba don lodi ba. Misali mafi bayyana shi ne Ford Ranger Raptor da ta fito a 2018. An cire mata sifirin mai ganye-ganye na baya, aka sa mata mai naɗi, aka haɗa da shokozoba masu tsada na kamfanin Fox. Tana tafiya a kan gargada kamar a kan kwalta, amma nauyin da kamfanin ya yarda ta ɗauka bai kai na Ranger ta yau da kullum ba, kuma abin da za ta ja a baya kilo 2,500 ne, alhali 'yar uwarta mai araha tana jan 3,500. Haka ita ma Toyota ta fitar da Hilux GR Sport da shokozoba na musamman, amma akori-kura ce dai mai ɗaukar abin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Ashe ke nan mutum zai iya ƙara kuɗi ya sayi motar da ta fi ta maƙwabcinsa kyau, amma ba ta fi ta aiki ba.

Mu yi lissafin kasuwa. Babban buhun albasa yakan kai kilo 100 ko ya wuce. Buhu 10 sun cika tan ɗaya ke nan, tun ba a sa direba da yaron mota da fasinjojin da ke zaune a kan kaya ba. Mu kuwa mun san abin da muke lodawa a lokacin kakar albasa a kwarin Tarka da na Magiya, kuma kowa ya ga motar da gindinta ke neman jan ƙasa. Babu wani shokozoba a duniya, komai tsadarsa, da zai ƙara wa shasi ƙarfi, ko ya ƙara wa burki kamu, ko ya hana taya fashewa da zafin watan Afrilu. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar ƙayyade nauyin manyan motoci tun 2005 saboda yadda lodi fiye da ƙima ke kashe hanyoyi, amma ƙaramar mota ita ma tana da iyakarta, kamfani ya rubuta a jikinta, mu ne ba mu dubawa.

Sai kuma maganar kayan gyara, wadda ita ce ta fi damun mu. Idan lam na Hilux ko na Land Cruiser ta yau da kullum ya karye a hanyar Ibohaman, kafin gari ya waye an samo wani daga Madawa ko Ƙonni, in ya yi tsanani a aika Maraɗi ko Sakkwato ko Kano. Amma shokozoba na musamman sai an yi odarsa ta Yamai, wani lokaci ma daga Dubai. Tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kowane ɗan kasuwa ya ɗanɗana abin da wannan ya jawo na jinkiri da tsada. Mun ga wani bawan Allah da ya sayi irin wannan mota ta hannu, dillali ya yi ta yi masa kirarin ƙafafunta, ashe tuni sun gama aiki a can ƙasar da ta fito. Ba ta yi wata uku ba mai ya fara tsiyaya, motar ta kwana a gareji ana jiran kaya, albasar da ya yi alkawarin kwashewa kuwa wani ya kwashe. Daga ƙarshe dai shokozoba na yau da kullum aka ɗaura mata, kuɗin da ya ƙara ya bi ruwa.

Kada kuma a ce muna goyon bayan abin da wasu ke yi na kai mota wurin mai walda a cusa mata ƙarin lam biyu ko uku. Wannan ya fi muni. Motar takan sandare, idan babu kaya ta riƙa dukan fasinja kamar jaki mai tutsu, girgizar da sifirin ya kamata ya shanye ta koma kan shasi har ya tsage, kuma da yake ta ƙara tsawo, kifewa a kwana ya zo da sauƙi. A nan kam aikin kamfani ya fi, domin injiniyoyi sun auna sifirin da shokozoba da burki tare, kuma sabuwar mota tana da garanti. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, mai sayen sabuwar mota wanda kullum yana kan hanyoyin burji na ƙauyuka, ya tambayi mai sayarwa ƙarara, shin ƙafafun nan na ɗaukar nauyi ne ko na gudu? Ya ce a nuna masa takardar motar, ya gwada kilo nawa kowace ke ɗauka, sannan ya tambaya ina ake samun kayan gyaranta da kwana nawa suke yi kafin su iso Tawa. Idan na nauyi ne, kuma kayan suna kusa, to ya biya, kuɗinsa za su dawo. Idan kuwa na gudu ne, ya bar wa masu yawon shan iska, ba don ɗan kasuwa aka yi su ba. Mai sayen ta hannu kuma kada ya ƙara ko dala a kan wannan suna, ya ajiye kuɗin ya sayi tayoyi masu kyau, ya canza shokozoba biyu-biyu da na ainihi, ya riƙa duba robobin lam kafin damina.

Ku kuma iyayenmu mata 'yan kasuwa, kuna da ƙarfin da ba ku sani ba. Ku ne kuka ɗauki duwatsu a ka a aikin Keita da aka fara a 1984 har fako ya koma gona, don haka ba ku rasa bakin da za ku ce wa direba lodin nan ya isa ba. Idan kuka ga mota ta zauna a kan tayoyinta, ku jira ta gaba, jinkirin awa ɗaya ya fi kwanan asibiti.

Daga ƙarshe muna kira ga magadan gari da hukumomin kula da hanyoyi na jihar Tawa da su riƙa gyara hanyoyin karkara da mashigan ƙoramu kafin ruwa ya sauka, domin ƙafar mota mafi inganci ita ce hanya mai kyau. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.