Ɗalibai biyu, kotu uku, shekara tara: Shari'ar hijabi a Jihar Legas

 

Yau da tambaya zan fara. A ce gobe da safe a wajen asambuli shugaban makarantarku ya tsaya ya sanar da wata doka, sai ka ga dokar nan ta ci karo da abin da addininka ya umarce ka da shi. To wanne ne a sama, dokar makaranta ko 'yancinka? In ka ce 'yancinka, wa ya ba ka shi, a ina aka rubuta shi, kuma a ina ya tsaya? Wannan tambayar ce wasu 'yan mata biyu, sa'o'in 'yan aji ɗaya ko aji biyu na ƙaramar sakandare, suka kai gaban kotu a Jihar Legas. Ba a gama amsa musu ba sai bayan shekara tara.

A makarantun firamare da sakandare na gwamnatin Jihar Legas, a da ba a yarda ɗaliba ta sa hijabi a kan yunifom ɗinta ba. Gwamnati ta ce hijabi ba ya cikin kayan makarantar da aka amince da su, sai dai a sa shi lokacin sallah ko lokacin darasin addini, a cire in an gama. A shekarar 2013 waɗannan 'yan mata, masu shekara 12, ɗaliban wata makarantar gwamnati a unguwar Surulere, suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Legas da ke Ikeja. Da yake yaro ba ya kai ƙara da kansa sai ta hannun babba, iyayensu maza ne suka tsaya musu. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSSN, reshen Legas, ita ma tana cikin masu ƙarar.

Kafin mu shiga kotun, sai mu san ma'aunin da alƙali yake awo da shi, wato Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 1 ya ce shi ne gaba da kowace doka, kuma ya hau kan kowa, hukuma da talaka. Duk dokar da ta saɓa masa ta rushe gwargwadon inda ta saɓa. Ke nan dokar majalisar jiha, da umarnin gwamna, da takardar ma'aikatar ilimi, da dokar makaranta, duk a ƙarƙashinsa suke. Babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ya tattara haƙƙoƙin ɗan adam: 'yancin rayuwa, mutunci, faɗin albarkacin baki, addini da sauransu.

Abin da ya sa shari'ar ta yi zafi shi ne, kowane ɓangare da kundin ya kafa hujja.

Lauyoyin ɗaliban sun riƙe sashe na 38. Sashen ya ba kowane mutum 'yancin tunani da addini, har da 'yancin bayyana addininsa ta hanyar ibada da koyarwa da aiki da shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a fili. Suka ce hijabi ibada ne a wurin mace Musulma, kuma sashen bai ce 'yancin ya ƙare a bakin ƙofar makaranta ba. Suka ƙara da sashe na 42, wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa, ko ƙabilarsa, ko kasancewarsa mace ko namiji.

Ita kuwa gwamnati ta dogara da sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. A ganinta makarantar gwamnati ta kowa ce, da kuɗin kowa ake gudanar da ita, don haka bai kamata alamar wani addini ta fito a jikin yunifom ba. Kada ku yi saurin yin tsaki, domin maganar tana da nauyinta. Me ya sa ake sa yunifom? Don ɗan mai kuɗi da ɗan talaka su zauna a benci ɗaya ba a gane wane ne wane ba. Masu wannan ra'ayi suna tsoron in aka buɗe wa ɗaya ƙofa, kowa zai zo da nasa. Kuma an ga irin haka a wata jihar ta Yarbawa, wato Osun: a watan Yunin 2016, bayan wata kotu a can ta halatta hijabi, wasu ɗalibai Kiristoci a garin Iwo sun je makaranta sanye da rigunan coci don nuna rashin amincewarsu.

A ranar 17 ga Oktoban 2014, Mai Shari'a Modupe Onyeabo ta Babbar Kotun Legas ta yanke hukunci, ta ba gwamnati gaskiya. Ta ce sashe na 10 ya mayar da Najeriya ƙasar da hukumarta ba ruwanta da addini, kuma dole gwamnati ta tsaya a tsakiya, ta kiyaye daidaito a kayan makaranta. Ɗaliban suka faɗi a zagayen farko.

Amma hukuncin Babbar Kotu ba shi ne ƙarshen magana ba. Wanda bai gamsu ba yana da damar hawa sama, kuma suka hau. A ranar 21 ga Yulin 2016, alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara a Legas, ƙarƙashin jagorancin Mai Shari'a A.B. Gumel, suka soke wancan hukunci baki ɗaya, babu wanda ya saɓa. Sun ce sa hijabi umarni ne na addinin Musulunci kuma ibada ne, don haka sashe na 38 ya kare shi, hana shi kuwa nuna bambanci ne ga ɗalibai Musulmi. Sun kuma lura da wani abu da zai ba ku mamaki: ba a gabatar wa ƙaramar kotun ko da takarda ɗaya ta hukuma da ke nuna an kafa wannan hani a rubuce ba.

Me ya sa rashin takardar ya zama babban al'amari? Saboda sashe na 45. Wannan sashe ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi, har da na addini, amma da sharuɗɗa. Dole ya kasance da doka aka yi, dole dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, kuma dole ta kasance don tsaron ƙasa, ko kare lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Ma'ana, 'yanci yana da iyaka, amma ba kowane mai muƙami ne zai tashi ya shata iyakar da baki ba.

Gwamnatin Legas ba ta haƙura ba, ta garzaya Kotun Ƙoli da ke Abuja. Ana cikin jira, a shekarar 2018, ta fitar da takardar da ta ba ɗalibai damar sa hijabi, da sharaɗin ya zama gajere, mai tsabta, kuma launinsa ya dace da yunifom. A ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta rufe babin. Alƙalai bakwai suka zauna, biyar suka kori ƙarar gwamnati, biyu suka saɓa. Wadda ta rubuta babban hukuncin ita ce Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2024.

Ku ɗan yi lissafi. An fara shari'ar a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka yi hukunci na biyu a zamanin Akinwunmi Ambode, aka ƙare a zamanin Babajide Sanwo-Olu. Yarinyar da take da shekara 12 a 2013 ta kai 21 a 2022. Wato ranar da aka tabbatar musu da gaskiyarsu, sun daɗe da cire yunifom ɗin da aka yi rigimar a kansa, sun kai shekaruna na yanzu har sun ɗan ɗara. Ƙannensu ne suka ci moriyar. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin, kuma abin yana da fuska biyu. Abin yabo ne ga waɗanda suka jure, domin mai haƙuri shi ke dafa dutse. Abin takaici ne kuma ga tsarin shari'armu, domin tambayar da ta shafi 'yar sakandare bai kamata ta jira har yarinyar ta gama sakandaren ba.

Ku kuma lura da cewa a cikin alƙalai 13 da suka duba maganar, uku sun ga gwamnati ce ke da gaskiya. Dukansu masana ne, kundi ɗaya suka karanta. Saɓanin ya samo asali ne daga yadda ake fahimtar sashe na 10. Wasu suna ganin ma'anarsa a raba addini da duk wani wuri na hukuma. Wasu kuma suna ganin gwamnati kawai ya hana ta zaɓi addini, bai hana ɗan ƙasa ya shiga wurin gwamnati da addininsa ba. A nawa ɗan ƙaramin sanin, fahimta ta biyu ta fi ƙarfi, domin sashen da gwamnati yake magana, ɗaliba kuwa ba gwamnati ba ce. Amma wanda ya riƙi ta farko ba lallai ne maƙiyin addininka ba ne. Ka koyi sauraron hujjar abokin gardamarka har ƙarshe kafin ka ba shi amsa. Haka ake yi a kotu, haka kuma ya kamata a yi a kulob ɗin muhawara na makarantarku.

Wataƙila wata a cikinku za ta ce, "To Yaya, mu a nan ai hijabi yana cikin yunifom ɗinmu, ina ruwanmu da rigimar Legas?" Da ruwanmu, ƙanwata. Kundin da aka yi hukunci da shi a Legas shi ne yake aiki a Kano da Sakkwato da Bauchi, kuma sashe na 287 ya ce hukuncin Kotun Ƙoli abin zartarwa ne a kowane yanki na ƙasar nan. Sannan sashe na 38 bai ambaci Musulmi ko Kirista ba, cewa ya yi kowane mutum. Ƙaramin sashe na biyu a cikinsa ma kai tsaye da ku yake magana: ba za a tilasta wa ɗalibi ya koyi darasin wani addini, ko ya halarci wata ibada, in ba ta addininsa ba ce ko wadda iyayensa suka amince da ita.

Ku juya hoton. A Legas yarinya Musulma ce ta ji an takura mata. A makarantarku wataƙila waɗanda suka fi ƙaranci su ne 'yan ajinku Kiristoci, 'ya'yan maƙwabtanku, ko 'ya'yan ma'aikatan da aiki ya kawo garinku. Sashen da ya ba waccan damar sa hijabinta shi ne ya ba wannan damar kada a tilasta masa zama a darasin da ba na addininsa ba, kada kuma a ware shi a wulaƙanta shi saboda abin da ya yi imani da shi. Wanda ya yi murna da hukuncin 2022 amma ya yi dariya lokacin da ake tsangwamar ɗan ajinsa saboda addini, bai fahimci abin da yake wa murna ba. Inuwa ɗaya ce take rufe da mu duka. Ranar da aka sare ta don a ƙona wani, kai ma rana za ta same ka.

Sai dai in ja kunnenku. Kada wani ya je makaranta ranar Litinin ya ƙi share aji ko ya ƙi aske suma ya ce tsarin mulki ya ba shi 'yanci. Hukuncin bai soke yunifom ba, bai kuma ƙwace ikon malamai na ladabtarwa ba. Ya yi magana ne a kan abu ɗaya, a makarantun gwamnati. Yawancin dokokin makaranta, kamar zuwa a kan lokaci da hana waya a aji, ba su taɓa haƙƙin kowa ba, don amfaninku aka yi su.

In kuwa ka ga da gaske an taka maka haƙƙi, ka dubi hanyar da waɗancan 'yan mata suka bi. Ba su fasa tagar makaranta ba, ba su zagi malami ba. Fara da gaya wa iyayenka. Su je su ga shugaban makaranta cikin girmamawa, ko su kai maganar taron iyaye da malamai. In ba a daidaita ba, a rubuta wa ma'aikatar ilimi, a ajiye kwafin takardar. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke karɓar irin wannan koke. Kotu ita ce matakin ƙarshe, kuma sashe na 46 ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa.

Ga aikin gida na wannan mako. Ku nemi kundin tsarin mulki a laburaren makarantarku, ko ku roƙi malamin darasin Gwamnati ya ara muku nasa. Ku karanta sashe na 10, da na 38, da na 42, da na 45. Duka ba su fi shafi biyu zuwa uku ba. Sannan ku raba kanku gida biyu a aji, wasu su zama lauyoyin gwamnatin Legas, wasu na ɗaliban, kowa ya kare ɓangaren da ba shi yake goyon baya ba. Masu zana WAEC da NECO, wannan zai taimake ku a tambayoyin haƙƙin ɗan adam da matakan kotuna. Ku rubuto mana yadda muhawarar ta kaya.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.